Waɗanda Goldberg Ya Kayar

Har yau ina mamakin yaron nan, wato ni a ƙuruciya, da ya ware littafin rubutu sukutum, mai bango ruwan ƙasa da jadawalin sau a bayansa, don kawai ya riƙa rubuta sunayen mutanen da ɗan kokawar nan Goldberg ya kayar. Wa ya sa ka? Babu malamin da zai duba, babu makin da za a ba ka. Amma duk daren da ka dawo daga gidan kallo, rigarka na warin hayaƙin janareto da zufar mutane, ɓawon gyaɗa maƙale a silifas ɗinka, sai ka jawo aci-balbal kusa da tabarma, ka hura wa bakin biro iska don ya kawo, ka duƙufa kamar magatakardan sarki.

Gidan kallon wani tsohon zaure ne da aka toshe tagoginsa da buhuna, benci a jere, talabijin a kan durom, mai gidan yana goge kan bidiyo da ƙyalle kafin ya tura kaset, hoton ya yi ta rawa yana layi-layi har ya daidaita. Sai a ƙwanƙwasa wa Goldberg ƙofa, ya fito tsakiyar masu gadi, kai ƙwal, ɗan kamfai baƙi, ya tsaya cikin tartsatsin wuta yana fesar da hayaƙi ta hanci, ya shiga fili, ya rugo ya soki abokin karawarsa da kafaɗa a ciki, ya ɗaga shi sama ƙafafu na kallon rufi, ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya maka shi da ƙasa. Alƙali ya buga uku. Ko gaɓar rake ɗaya ba ka gama sha ba.

Hugh Morrus ne a shafin farko, wanda ya fara kayarwa a talabijin ranar 22 ga Satumba, 1997. Shi ka ba shi shafi guda: launin kayansa, yadda ya hau saman igiya ya diro, yadda Goldberg ya ture shi ya miƙe. Steve McMichael da Brad Armstrong da Saturn ma sun samu nasu rabon. Daga nan abin ya fara fin ƙarfinka, domin kasusuwan ba a jere suke iso mana ba, na watan biyar ya riga na watan uku, wani ma ba ya zuwa sam, kuma duk sanda masu sharhi suka faɗi adadin waɗanda ya kayar a jere, sai ka ga ya wuce naka da nisa. Ka riƙa barin layi fari, wani lokaci shafi biyu cur, kana jiran ranar da sunayen za su zo. Daga baya aka ji cewa wasu karawar a garuruwan da ba a kai kyamara ba aka yi su, kuma kamfanin WCW yana ƙara wa adadin gishiri. A lokacin dai, kowane layi fari mutum ne a wurinka, mai suna, mai uwa, wanda bayansa ya taɓa ƙasa babu wanda ya rubuta.

Baffa ne ya fara taɓa maka wannan lissafi. Ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, har lokacin kambunsa da warkinsa na cikin adaka, suna warin tsohuwar fata da man shanu. Wata ranar hunturu yana jin ɗumi a bakin murhu, ka zauna kana karanta masa littafin, suna bayan suna, da wanda ya kama wuyan wane, da minti nawa aka yi. Ya saurara har ka kai tsakiya, sannan ya tofar da tuƙar goro.

“Kai ɗan nan, duk waɗannan ƙarti ne, ko har da 'yan share fage?”

Ka ce, “Baffa, ai duk ya kayar da su.”

Ya ce a fili makaɗi ba ya lissafa kowa da kowa, mutum uku ko huɗu yake ambata, waɗanda faɗuwarsu ta sa gari ya kwana yana magana, sauran kuwa kalma ɗaya ta ishe su. “Faɗa mini waɗanda suka ba shi wuya.”

Ka faɗa masa Raven, wanda ya karɓe wa kambun Amurka a watan Afrilun 1998. Ka faɗa masa daren 6 ga Yuli a Atlanta, garin da ya taɓa buga wa ƙwallon Amurka, inda sai da ya fara gamawa da Scott Hall kafin ya ɗaga Hulk Hogan ya karɓe kambun duniya. Ka ƙara da Diamond Dallas Page, wanda a watan Oktoba saura ƙiris ya yi abin da ya gagari kowa. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ya san mutumin. Gaskiyarsa ce, a suna uku ya ga abin da shafi talatin ba su nuna masa ba. Amma ranka bai kwanta ba, saboda Jerry Flynn, wani dogo mai harbi da ƙafa, wanda aka yi ta turowa yana shan kaye, yana sake dawowa. Ko da manya suka ce mana duk shiri ne, kai ka san da bayan mutum ake faɗuwar.

Kaset na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ya iso. An yi karawar da Kevin Nash a Washington ranar 27 ga Disamba, 1998, adadin na kan 173, Scott Hall ya lallaɓo da sandar lantarki ya ɗana wa Goldberg a ƙirji, Kevin Nash ya ɗauke shi ya buga. Wani ya harbi benci, mai gidan kallo ya kashe talabijin kafin a fasa masa. Daren nan shafi uku ka cika, har man fitila ya ƙare.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya ga Goldberg a waya, gemu duk furfura, ya ce, “Kawu, wai da gaske ba a taɓa kayar da shi ba?” Na ba shi labarin yadda Baffa ya so: Morrus, Raven, Hogan, Page, sai Nash. Bai kai minti biyar ba. Har ya miƙe zai tafi na kira shi, na ce ya zauna, akwai wani Jerry Flynn.