LALITAR MACE TA KOMA CIKIN WAYA

'Yan uwana mata, iyayenmu da kakanninmu ba su san ƙofar banki ba, amma fa sun iya ajiya. Wata a lalita take zubawa ta ɗaure a ƙugu, wata asusun ƙasa gare ta a ƙarƙashin gado, wata kuwa cikin kwalla ta uku a jeren ɗakinta take sakawa, ko maigida bai san wurin ba. Domin kuwa kuɗin ƙuli-ƙulin nan da na kitso su ne kayan ɗakin 'yarta gobe, su ne maganin yaro in zazzaɓi ya taso cikin dare maigida ba ya gari.

To yanzu lalitar nan ta koma cikin waya, kuma da yawanmu ba da shirinmu ta koma ba. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya kwashi nasa ya kai banki, sabon kuwa ya ƙi fitowa. Kun dai tuna irin wahalar da aka sha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsoho. A 'yan makonnin nan duk wanda ya aiko sayen awara ko ɗanwake, abin da yaro zai ce shi ne "wai a ba da lamba a yi tiransifa." Matar da ke cikin gida ba ta da asusun banki, ba ta taɓa yin BVN ba, ga kaya zai kwana ya lalace, sai ta ba da lambar maigida, ko ta ƙaninsa, ko ta babban ɗanta. Tsabar kuɗi ta dawo hannu tuni, amma har yau lambar nan ake ba masu saye.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, mai sayar da turaren wuta da humra, kuma ita ce uwar adashinmu. Cinikinta da zubin mata goma sha biyu duk asusun mijinta suke shiga, mutumin kirki ne wallahi, ko sisinta bai taɓa ci ba, in ta ce a ciro sai ya ciro ya kawo mata har ɗaki. Rana ɗaya ciwon kwana biyu ya ɗauke shi. Da aka zo rabon gado, banki sunansa kawai ya sani, dangi kuma suka ce abin da ke cikin asusun mamaci na magada ne, ga uwargida da 'ya'yanta. Ita kuwa tana cikin takaba, ba ta da takarda, shaidarta ɗaya littafin makaranta mai fallaye arba'in da take rubuta zubi. Sai da mai unguwa da liman suka zauna sau uku kafin a fitar mata da na adashi, na turare kuwa rabi ta samu. Ni ban ga laifin dangin ba, yaya za a yi su tantance?

Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, in na ce zan buɗe nawa ai sai ya ce ban yarda da shi ba." Ke dai ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki faɗa masa labarin nan. Addini ma ya raba dukiyar mace da ta miji, sadakinki naki ne balle gumin hannunki. Kuma yanzu ba sai an yi layi a banki ba, irin su OPay da PalmPay da Moniepoint a waya ake buɗewa, in dai kina da lambar NIN ko BVN. Sai dai ki tabbatar layin wayar da sunanki aka yi masa rajista, domin duk wanda layin ke hannunsa shi ake turo wa lambar shiga.

Lambar sirrin nan guda huɗu kuwa, don Allah kar ki sa shekarar haihuwarki ko ta ɗan fari, kowa a gidan ya san su. Wanda ya bugo ya ce daga banki yake, ki karanto masa lambar da aka turo miki, kashe wayarki kawai, banki ba ya tambayar wannan. In mai saye ya ce ya turo, kar ki tsaya ga saƙon da ya faɗo ko hoton rasit, ana haɗa na ƙarya, buɗe ki ga kuɗinki sun ƙaru tukuna ki sallami kaya. Yaron da kike aike wurin mai POS kuma, ki tura daga wayarki ya karɓo miki a hannu, katin da lambar su zauna a ɗaki.