Man da ke ɗiga a ƙarƙashin babur

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magana ɗaya ce a bakin masu babura. Kowa ya zo gareji sai ya ce, "Baba, a matse min kafireto, yana shan mai." Da yawansu kuwa, in ka sunkuya ka leƙa, za ka ga fetur na ɗiga ta ɗan siririn tiyon da ke ƙarƙashin kafireton, ɗis, ɗis, mai babur yana tsaye a kai yana kukan tsada. Ƙasa ce ke shanye kuɗinsa, shi kuma yana zargin inji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da ke riƙe da sifana a yau. Nan take za su ce masa kafireto ya mutu, a sayo sabo. A cire na asali a jefa cikin bola, a ɗaura na araha wanda da wuya ya ga damina biyu.

Mu da muka koyi aiki a zamanin Udoji, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas a 1975 gari ya cika da Honda Benly da Suzuki da Yamaha da Vespa, ba haka aka koya mana ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya sansana, ya duba, ya saurara. Cewa yake babur ɗin da ya ƙi tashi don yunwar mai da wanda ya ƙi tashi don mai ya yi masa yawa, hanci ne ke raba su. In ka buga kik sau uku ka ji warin ɗanyen fetur na fitowa ta salansa, to mai ya yi yawa. Kwance fulogi ka gani. In bakinsa a jiƙe yake, ko ya yi baƙi ƙirin da toka mai laushi, magana ta ƙare. Fulogin lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa yake yi, a bushe.

Sai dai abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai babur ɗin da mai shi ne ya shaƙe shi da kansa: ya ja cok da sanyin asuba ya manta bai mayar ba, ko inji na da zafi ya ja cok yana ta murɗa totur yana buga kik. Wannan ba ya buƙatar bakanike. Rufe makunnin mai, mayar da cok, buɗe totur har ƙarshe ka riƙe, ka buga kik. Iska za ta shiga da yawa ta kwashe man da ya taru, ya tashi da baƙin hayaƙi, sannan ka buɗe mai. In ya ƙi, cire fulogi ka goge shi ya bushe, ka kashe makulli, ka buga kik sau da dama ramin a buɗe. Na ga masu ƙona fulogi da ashana don ya bushe da sauri, a gefen babur ɗin da ke zubar da fetur. Wannan ganganci ne tsagwaronsa.

Na biyun shi ne obafulo, kuma shi ne ainihin ciwon. A ƙasan kafireto akwai ɗan kwano da mai ke taruwa. A cikinsa akwai fulot, yana aiki kamar ƙwallon nan na cikin tankin ruwa: mai ya cika, ya taso, ya tura wata 'yar allura ta toshe ƙofar shigowa. Duk aikin a kan tsinin allurar nan yake. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓarɓashin tsatsa ya maƙale a bakinta, ƙofa ba za ta rufu ba, mai ya yi ta kwarara har ya tumbatsa. Wani lokaci tsinin ne ya cinye ya yi zobe, wani lokaci fulot ne ya huje ya sha mai ya nutse. Na tagulla irin na da, sai ka girgiza shi a kunne, in ka ji motsin ruwa a ciki ya huje. Ko ka tsoma shi a ruwan zafi ka ga inda kumfa ke fita, ka tsiyaye, ka liƙe da dalma. Na roba na yanzu ba ya liƙuwa, amma gaskiya bai cika hujewa kamar namu ba. Ba komai na da ne ya fi ba.

Ku rufe makunnin mai in kun ajiye babur. Na faɗa wa duk wanda ya taɓa kawo mini aiki, zan kuma ci gaba da faɗa. Akwai wani maƙwabcinmu, malamin makaranta, mutumin kirki, yana shigar da babur ɗinsa zaure kowane dare. Allurar ta daɗe tana yoyo, yana cewa sai ƙarshen wata. Wani dare na hunturu mai ya kwana yana ɗiga, da asuba yarinyarsa ta ratsa zauren da garwashi a kasko za ta kai wa kakarta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ba ya jiran wuta ta taɓa babur. Yarinyar ta rayu, amma da tabo a ƙafafu har girmanta. Ni na je na ɗauko ƙarafan babur ɗin. Makunnin yana nan a buɗe.

Mai da ya kwana yana zuba ba waje kaɗai yake zuwa ba. Yakan gangara cikin inji. A baburan da, irin su Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, taruwa yake a ƙasan inji, ka yi ta bugu da safe har gumi ya karyo maka. A irin su Boxer kuwa, yakan sulale ta gefen fistin ya gauraye da baƙin mai ya tsinka shi. Zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. In ka ji fetur, ko ka ga man ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, juye shi a ranar. Wanda ya ƙi, ringi da kuranshaf ne za su biya.

Kullum ina hana yarana dukan kafireto. Amma in obafulo ya kama ka a hanya, tsakanin gari da gari, ɗan ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukundireba a hankali, sau da yawa allurar takan saki ta zauna. In bai yi ba, rufe mai, kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kwano ka zubar, ka buɗe mai ya wanke hanya. Ka duba abin da ya fito a tafin hannunka. Jan gari tsatsar tanki ce, ɗigon da ke kwance a ƙasan fetur kuma ruwa ne. Wanda ya wanke kafireto ya bar tanki da tsatsa, mako mai zuwa yana nan tafe. Man 'yan bumburutu da ake ɗurawa daga galan ta mazurari marar mataci, da tankin da ake bari kullum a kan rizab saboda babu, su ne ke kawo dattin nan. Ban ga laifin talaka ba, lita ɗaya yake iya saye. Amma ɗan matacin da ake sa wa a tiyo bai kai kuɗin litar ba.

Sai batun matsewa. Inji yana son iska kusan kashi 15 a kan kashi 1 na mai, in an auna da nauyi. Yaro zai lanƙwasa harshen fulot, ya murɗe sukuru, ya rage mai har inji ya riƙa tari, mai babur ya tafi yana murna. Fulogi ya koma fari fat, inji ya ɗau zafi, bayan 'yan watanni bawul ya ƙone. Alhali wataƙila soson iska ne ƙurar hunturu ta toshe, iska ta ragu, mai ya rinjaya. Wanke soso kawai ake buƙata. Wani kuma zai zura waya cikin jet wai yana sharewa, ya faɗaɗa ramin da aka auna a masana'anta, babur ya koma shan mai har abada. Iska ake hurawa a jet.

Wasu baburan roba-roba na yanzu ba su da makunnin da za ka rufe da hannu, da kansa yake rufewa in inji ya mutu, har ranar da robar cikinsa za ta gaji. Masu irin waɗannan ina ce musu su riƙa duba ƙasa kowace safiya kafin su hau, kuma kada su kwana da babur a ɗakin da ake hura wuta. Mai Boxer da Jincheng kuwa ba shi da uzuri, makunnin na nan ƙarƙashin tanki ta hagu, yatsa biyu ke juya shi.