Na Je Nairobi Na Ga 'Yan Tatsuniya

Ranar Juma'a muna fitowa daga Masallacin Jamia da ke tsakiyar Nairobi, abokin zamana a masauki, wani ɗan jarida Badamagare da ke aiki a Yamai, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, mako biyu ke nan muna Kenya, ba abin da muka gani sai allo da kujera. In ka koma Kano yara suka tambaye ka zaki, me za ka ce musu?" Kwas ɗin horar da 'yan jarida ne ya kawo mu, na mako uku, kuma gaskiyarsa ce. Daga masauki sai aji, daga aji sai bargo. Watan Yuli ne, lokacin hunturun can, ga garin yana kan tudu kusan mita 1,800. Ni da na taho da 'yan riguna shara-shara saboda na ji an ce ƙasar tana kan tsakiyar duniya, sai da na nemi rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo.

Asabar bayan sallar asuba direba ya zo da wata farar bas wadda ake ɗage rufinta sama, mutum ya tsaya ya leƙa. Na gyara zama da nufin in yi barcin hanya, don a wurinmu wanda zai je Yankari daga Kano sai ya yi guzuri. Ban kai ga lumshe ido ba muka tsaya a wata ƙofa a kan titin Langata. Wai har mun iso. Gandun dajin Nairobi bai wuce kilomita bakwai daga tsakiyar birni ba. An kafa shi a 1946, shi ne na farko a ƙasar, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 117 ne kawai. An kewaye shi da waya mai lantarki ta ɓangare uku, an bar kudu a buɗe ta wajen kogin Mbagathi, don dabbobi su riƙa fita zuwa filayen Kitengela in damina ta faɗi, su dawo in rani ya yi.

Abin da muka fara cin karo da shi raƙumin dawa ne, tsaye a gefen hanya yana tsinkar ganyen ƙaya, bayansa kuma dogayen benayen Nairobi sun fito ta cikin hazo. Wani ƙaramin jirgi ya taso daga filin jirgi na Wilson ya bi ta kansa, ko kunne bai kaɗa ba. Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa: jakunan dawa, kanki, bareyi, jimina da ke tafiya kamar matar da aka ɓata wa rai a gidan biki, garken ɓauna sun zuba mana ido ba fara'a. Direba yana faɗin sunayensu da Suwahili, ni kuma ina mayar masa da Hausa, sai na lura babu ɗaya da na rasa sunansa. Duk na san su. A bakin kakata na san su, da dare, a kan tabarma. Na san wayon dila malamin daji, na san wautar kura, na san zaki ne ke yanke hukunci in an yi taron namun daji. Amma in ban da wani zaki da na taɓa hange a keji ranar hawan Sallah ina yaro, ban taɓa ganin ko ɗayansu yana yawo da ƙafarsa ba. Shekara arba'in ina riƙe da sunaye ba masu su.

Shi kansa harshen bai yi mini baƙunta sosai ba. Sukan ce habari mu ce labari, su ce asubuhi mu ce asuba, Alhamis da Juma'a kusan bakinmu ɗaya, duk Larabci ne ya raba mana gado. Jakin dawa kuwa punda milia suke ce masa, wato jaki mai zane. Ashe su ma da suka dube shi jakin suka gani.

Wajen ƙarfe takwas rediyon motar ya ɗau surutu, na ji ana ta maimaita simba, direba ya juya kan mota da sauri. Muka tarar da motoci sun fi goma sun yi da'ira, kowa ya miƙe da kyamara. A tsakiya ga zakanya biyu da namiji ɗaya a kwance cikin ciyawa. Barci suke yi. Sarkin dawa ya yi rigingine, ƙafa ɗaya a sama, ƙudaje na bin hancinsa. Na ji haushi ƙwarai. Badamagare ya ce, "Wannan ne mai shari'ar? Ai ko alƙalin ƙauyenmu ya fi shi kwarjini." Direba ya ce haka suke, yawancin yini a kwance suke ƙarar da shi, farautar ma galibi matan ne ke yi. Muna cikin dariya sai namijin ya ɗaga kai, ya yi hamma, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da wasu idanu masu ruwan zuma. Ban san lokacin da na janye hannuna daga taga ba. Na waiga, Badamagare ya riga ni zama.

Zama kusa da irin wannan maƙwabci ba wasa ba ne. A 2016 zakoki sun sha ƙetare shinge su shiga unguwannin birni. Ta kudu kuma makiyayan Masai ne ke kwana da shanunsu a bakin daji, kuma duk wanda ya san Bafulatani da saniyarsa ya san abin da zai biyo baya in zaki ya shiga garke. A can Kitengela ne wani yaro makiyayi, Richard Turere, ya lura zaki ba ya kusantar garke in ya ga mutum na yawo da tocila. Sai ya haɗa ƙwayayen fitila da batirin mota, suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi a jikin shinge, zaki ya ɗauka mai gadi ne ke zagaye. Dabarar ta bazu har wajen Kenya. Birnin ma bai bar dajin ya huta ba: mun bi ta ƙarƙashin wata doguwar gadar jirgin ƙasa da aka ɗora a kan ginshiƙai ta ratsa gandun, jakunan dawa na kiwo a inuwarta.

Karkanda ce ta fi tsaya mini a rai. Mun ga uwa da ɗanta, carki biyu a bayanta suna cire mata kaska. Ana cewa akwai baƙa akwai fara, amma duk launin toka ne, a baki ake rarrabe su: mai faffaɗan baki ciyawa take ci, mai tsinin leɓe kuma ganyen itace. Ƙahon da ake kashe ta dominsa, abin da aka yi farcen mutum da shi ne aka yi shi. Kusa da ƙofa direba ya tsaya a wani fili da aka yarda a sauka, ya nuna mana tarin toka fari-fari. Nan ne a 1989 Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a gaban 'yan jaridar duniya. A 2016 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙona tan 105 a cikin gandun nan. Jinin Kano bai bar ni ba, nan take na shiga lissafin asibiti nawa kuɗin zai gina. Hujjar Kenya ita ce in gwamnati ta sayar da haure ko sau ɗaya, ta buɗe kasuwar da ɓarawo zai shigo da nasa a ɓoye. Ƙasashe irin su Zimbabuwe da Namibiya ba su yarda ba, sun daɗe suna neman a bar su su sayar da wanda suka tara. Na tsaya a kan tokar na rasa ɓangaren da zan bi, ko da yake awa ɗaya bayan haka na karkata.

Ƙarfe sha ɗaya muka isa gidan marayun giwaye na Sheldrick, a gefen gandun. Awa ɗaya tak ake buɗe wa baƙi a rana, kuma sai ka kama gurbi tun da wuri. Muka jeru a bayan igiya, sai ga su sun ɓullo daga cikin kurmi a guje, jajaye saboda turɓayar wurin, waɗansu ko ƙuguna ba su kai ba, kowanne ya nufi mai renonsa da ke riƙe da ƙatuwar kwalbar madara. Ɗaya ya ƙwace tasa ya naɗe da hanci ya kafa kai. Wani ma'aikaci mai koriyar riga ya riƙa gabatar da su: wannan a rijiya aka tsamo shi, wannan fari ya kashe uwarsa, wannan an same shi tsaye a kan gawar uwar an sare mata haure. Daphne Sheldrick, wadda ta kafa gidauniyar a 1977 don tunawa da mijinta, ta yi shekaru tana gwaji kafin ta gano haɗin madarar da jaririn giwa zai sha ya rayu, don nonon saniya ba ya karɓar cikinsa, man kwakwa ne ya warware mata matsalar. Duk bayan awa uku ake ba su, dare da rana, masu renon kuma a ɗaki ɗaya suke kwana da su. In sun tasa sai a kai su Tsavo, a hankali su saba da na daji har su daina dawowa. Wani ɗan ƙarami ya matso ya shafa mini laka a wando da hancinsa. Ana cewa giwa a garin wani zomo ce. Wannan a garinsu yake, amma maraici ya mai da shi zomon.

A cibiyar raƙuman dawa da ke Langata an gina dandamali mai tsawo, ka hau ku yi kai ɗaya da su, ka miƙa musu 'yan dunƙulen dusa. Harshen baƙi-baƙi ne, ya kusa kamu ɗaya, ga yauƙi. A da Turawa har a leɓe suke saka abincin don a sumbace su. Ni dai na miƙa da hannu, na nemi ruwa. A nan Badamagare ya samu bakin magana. Ya ce su a Kure, kusa da Yamai, nasu raƙuman dawan a gonakin mutane suke yawo ba shinge, su ne irin Afirka ta Yamma da suka rage a duniya, sun taɓa komawa kusan 50 a shekarun 1990, yanzu sun haura 600. "Ku fa, Malam?" Na kawo masa giwayen Yankari da ruwan Wikki. Ya ce, "Ka taɓa zuwa?" Na ce masa yunwa nake ji.

Muka ci gasasshen naman akuya, nyama choma, a wurin wasu Musulmi da direba ya sani, da ugali, wanda tuwon masara ne da aka tuƙa da tauri aka hana shi miya. Ganyen da ake haɗawa da shi sunansa sukuma wiki, ma'ana tura mako, abin da talaka ke lallaɓawa da shi kafin kuɗi su shigo.

Lahadi muka nufi Naivasha, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka. Hanyar tana bin gefen dutse, sai kawai ƙasa ta ɓace ta hagunka: wawakeken kwarin nan ne da ya tsaga gabashin Afirka, ga dutsen Longonot zaune a ciki da ƙaton rami a ka. Gandun da za mu shiga sunansa da Turanci yana nufin Ƙofar Jahannama. Badamagare ya ce shi ba zai rubuta wa iyalinsa cewa nan ya yini ba. Muka yi a'uziyya muka shiga. Tururi ne ke fita daga ƙasa a yankin, har ana samar da lantarki da shi a Olkaria. A nan ana barin mutum ya hau keke cikin dabbobi, muka yi haya. Rabona da keke tun ina sakandare, ga iskar tudu ba ta cika ƙirji. Ina haki jakunan dawa na tsallaka hanya a gabana, mugun dawa ya wuce da 'ya'yansa kowa ya ɗaga wutsiya sama. Da muka zauna hutawa na ajiye jakar takarda mai ɗauke da ayaba da burodi a gefena. Gwaggon biri ya taho a natse kamar wanda ya ba ni ajiya, ya ɗauka, ya koma kan dutse ya ɓare ayabar yana kallona.

Da la'asar muka shiga kwalekwale mai inji a tafkin Naivasha. Ruwan daɗi ne, gefensa cike da rumfunan gonakin furanni da ake kaiwa Turai a jirgi. Mai jirgin ya yi fito, ya jefa kifi, wata gaggafa mai farin kai ta sauko daga bishiya ta sure shi ba ta ko jiƙa fiffike ba. Can sai ya rage gudu ya nuna wasu duwatsu a ruwa. Dutse ɗaya ya buɗe baki. Dorina ce, sun kai takwas, kunnuwa kawai da idanu a waje. Ya ce da dare suke fitowa kiwo, kuma kada Allah ya sa ka tsaya tsakaninta da ruwa. Na tambaye shi sunanta, ya ce kiboko. Ya ƙara da cewa haka ma suke kiran bulala. Na yi dariya har kwalekwalen ya girgiza, na ce masa mu ma a makarantar allo mun san dorina tun kafin mu san tana da ƙafa huɗu.

Mun shigo Nairobi bayan isha, cinyoyina kamar ba nawa ba. Na kira gida, aka ba ƙaramar 'yata waya. Na lissafa mata zaki, giwa, karkanda, dorina, har da birin da ya yi mini fashi. Ta ce, "Baba, kura fa?" Na ce ba ta fito ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Gizo?" Na ce shi ma ban gan shi ba. Sai na ji ta miƙa wa uwarta wayar tana cewa wai Baba bai shiga dajin sosai ba.