Abin da ke ƙarƙashin jirgi

Mu mutanen Zango 'yan tudu ne. Kakanninmu da jakai suka zo Gwanja neman goro, idan suka tarar da kogi sai su biya masu fito, su riƙe numfashi har a kai gaci. Ni kaina na girma a Aboabo, babban ruwan da na sani shi ne tabkin Bosomtwe, inda masunta ke hawa guntun katako da ake kira padua su tuƙa da hannu, don al'adar wurin ta hana ƙarfe taɓa ruwan. Saboda haka da aiki ya kai ni Ada, inda kogin Volta ke zuba cikin teku, wani dattijo ya ce in zo mu zaga a ɗan jirginsa mai tafiya da iska, kunya ce kawai ta sa na amsa.

Jirgin bai wuce mita 7 ba. Sanda guda ce tsaye a tsakiyarsa, wayoyin ƙarfe sun ɗaure ta gaba da baya da gefe biyu. Mayafi biyu yake ɗauka, babba a bayan sandar, ƙarami a gabanta, duka masu kusurwa uku. A ciki akwai ɗan ɗaki wanda ba ka iya miƙewa tsaye: gado biyu kamar benci, da akwatin ajiya, da ɗan risho da aka rataye a kan ƙusoshi biyu yadda ko jirgin ya karkata tukunya tana nan daidai. Wannan risho ya ba ni dariya. Mutum yana cikin halin ko a mutu ko a yi rai, wani ya zauna ya yi tunanin kada shayi ya zube.

Muna fita iska ta cika mayafin, jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa ya kusa baki. Na kama salati da ƙarfi. Dattijon bai ko kalle ni ba, ya ce, "Malam, abin da ke riƙe da kai yana ƙasa, ba ka ganinsa."

Daga baya ya yi mini bayani. Ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi, siffarsa kamar fiffiken kifi. A irin waɗannan jirage nauyinsa kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka. Iska na tura mayafi gefe, shi kuma yana jan jirgin ya miƙe, kuma iyakar kwanciyar jirgi iyakar ƙarfin jan. Shi ne kuma ke hana jirgin zamewa a kaikaice, har ya iya tafiya wajen da iska ke fitowa. Ba ya fuskantarta kai tsaye, sai dai ya karkace dama ya karkace hagu, kamar mai kaya a kai yana hawan tudu. Nasa ƙarfen ana iya ɗaga shi da wani mariƙi da ake juyawa, don bakin kogin cike yake da tarin yashi. Inda muke zaune akwai ramuka biyu da ke fitar da duk ruwan da ya fantsamo. Idan iska ta yi yawa akan naɗe ƙasan babban mayafin a rage shi. Kafin ma mu tashi sai da ya ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, ya ja igiyarta da kansa.

Na ji daɗin yinin, ba zan ɓoye ba. Da ya kashe ɗan injin baya, babu abin da ake ji sai ruwa yana shafar jikin jirgi. Amma a mota, kan hanyar komowa Kumasi, raina ya ɓaci.

Mahaifiyata ta yi shekara fiye da ashirin tana sarin busasshen kifi a Yeji, wani lokaci ta ƙetare zuwa Makango. Ruwan nan ɗaya ne da na Ada. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tabkin ya haɗiye dazuzzuka, kututturen itatuwan suna nan tsaye ƙarƙashin ruwa suna jiran jirgin da zai bi ta kansu. Jiragen katakon da ke fito a can ba su da wani ƙarfe a ciki, nauyinsu duk a sama yake: buhunan masara, kwandunan kifi, babura, wani lokaci har shanu, mata kuma a zaune bisa kayan. Ruwan da ya shigo yaro ne ke kwashe shi da roba. Mu biyu aka yi wa duk wancan tanadi don mu sha iska da yamma. Su kuwa gommai ne, kuma neman abinci ya fito da su. Ba na zargin dattijon nan, da guminsa ya sayi abinsa. Ban kuma ce a sa wa jirgin Yeji fiffiken ƙarfe ba, kututture ne zai fara kama shi. Amma ƙidayar mutane kafin a tashi ba ta bukatar injiniya, riga kuma ba ta kai kuɗin buhun masara ba.

Na saya mata rigar, ruwan lemo, mai igiya uku. Na durƙusa na nuna mata yadda ake ɗaurawa, na ce, "Mma, don Allah ki sa ta kafin ki shiga, ba bayan an tashi ba."

Ta juya ta, ta matsa soson da ke ciki, ta ce, "Wanda kwanansa ya ƙare, riga ba ta tsare shi." Na ce haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ta yi dariya ta sa mini albarka, ta cusa ta cikin jaka.

Ƙanwata da ta raka ta tafiyar da ta wuce ta ce tun daga Ejura har Atebubu da rigar Mma ta yi matashi. A cikin jirgi kuwa, wata mata mai goyo ta ɗaura wa.