Labarin Tafiyata Zuwa Tsibiran Kabo Barde, Inda Ba A Biyan Kuɗin Biza

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata da malamai labarin wata tafiya da na yi cikin hutuna, a watan Nuwamba na 2025. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, tun da na komo gida Kakuri mutane ba su bar ni na huta ba. Wannan ya zo daga Barnawa, wancan daga Sabon Tasha, kowa tambayarsa ɗaya: wai gaskiya ne akwai wata ƙasa a tsakiyar teku wadda ɗan Nijeriya zai shiga ba biza, ba ko kwabo? Amsa ita ce i, gaskiya ne. Amma fa akwai magana a bayan wannan i ɗin, wanda bai ji ta ba kuwa yana iya asarar kuɗinsa na shekara, har ya haɗa da mutuncinsa.

Sunan ƙasar Kabo Barde. Kada mai karatu ya zaci Kabo ta ƙasar Kano ce, ko kuwa wani barden sarki ne ya kafa ta. Suna ne na Turawan Fotugal, ma'anarsa koren tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Tsibirai goma ne a Tekun Atlantika, wajen kilomita 570 yamma da Sanigal, tara da mutane, ɗaya ba kowa. Jama'arsu duka wajen rabin miliyan ne, watau ba su kai mutanen garin Kaduna ba. Ni dai tun ina yaro a makarantar Mishan na ke ganinsu jikin taswira kamar kashin ƙuda, har malaminmu na labarin ƙasa ya taɓa sa ni in nuna su da tsinken sanda, na kasa, 'yan aji suka yi mini dariya. Tun ran nan na ƙudura a raina sai na taka ƙasar nan da ƙafata.

To, ga asalin yafe bizar. Ran 28 ga Mayu, 1975, shugabannin Afirka ta Yamma suka taru a Ikko suka kafa ƙungiyar ECOWAS. Kabo Barde ta sami mulkin kanta daga hannun Fotugal ran 5 ga Yuli na wannan shekara, ba da daɗewa ba ita ma ta shiga. Sa'an nan a 1979, a birnin Dakar, aka sa hannu a wata yarjejeniya, cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da fasfo mai kyau da takardar shaidar rigakafi. Sabo da haka ba alfarma a ke yi mana ba, hakkinmu ne. Na faɗi wannan domin wani dillalin tikiti a nan Kaduna, da na je wurinsa, ya lissafa mini har da kuɗin biza, abin da ya kusa rabin albashina na wata. Da na tambaye shi wane ofishi za a kai kuɗin, sai ya shiga kame-kame, ni kuwa na ɗauki hulata na fita.

Amma a cikin wannan yarjejeniya akwai wani sharaɗi wanda dillalai ba su faɗa, matafiya kuma ba su karantawa. Kowace ƙasa ta riƙe ikon hana mutum shiga in dokarta ta ce bai cancanta ba. Mutanen Kabo Barde kuwa suna aiki da wannan iko ƙwarai, don tsibiransu ƙanana ne, suna kuma kan hanyar masu neman tsallakawa Turai. A watan Afrilu na 2025 har hukumar Nijeriya mai kula da 'yan ƙasa mazauna waje ta fito ta yi kira a saki waɗansu matasanmu shida, masu yawon buɗe ido, da aka tsare can bayan sun iso daga Sanigal, a kan zancen rashin isassun kuɗi. Da maiɗakina ta ji wannan labari sai ta ce in haƙura, in kai kuɗin ga rufin ɗakinmu da ke yoyo. Na ce mata rigakafi ya fi magani, zan shirya yadda ba mai samun abin kamawa a jikina. Ga shirin da na yi, ga kuma abin da na ke ba kowa shawara.

Na fari, fasfo. A duba a tabbata sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Na biyu, katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar ciwon shawara, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin jiragen sama ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a idon hukuma sai bayan kwana 10, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har iyakar ransa. Na uku, tikitin zuwa da komowa, ba na zuwa kaɗai ba. Na huɗu, takardar masauki, da sunan gidan da lambar wayarsu, a buga ta a takarda, kada a dogara ga wayar hannu, don caji ya kan ƙare a lokacin da a ke bukatarsa. Na biyar, kuɗin guzuri a hannu wanda za a iya nunawa. Ni na ƙara da takarda daga wurin aikina mai shaida cewa hutu aka ba ni, da ranar da zan koma bakin aiki.

Akwai kuma wani kuɗi wanda ba na biza ba ne, amma tilas ne. Tun 2019 suka sa wa baƙi masu sauka ta jirgin sama kuɗin tsaron filin jirgi, ana kuma so mutum ya rubuta sunansa ta intanet kwana biyar kafin ya taso. Ni na biya eskudo 3,400, watau kusan yuro 31. Eskudo shi ne kuɗinsu, an ɗaure shi da yuro, kowane yuro ɗaya eskudo 110 da 'yan kai, ba ya hawa ba ya sauka. Naira ba ta da mai karɓa a can, sabo da haka a canja ta zuwa yuro tun daga gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa su tuna Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairu, 2025, don haka mai fasfon can ya bincika matsayinsa tukuna kafin ya sayi tikiti. Matambayi ba ya ɓata.

Na tashi daga Kakuri da asuba, na haye gadar Kogin Kaduna, na shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja. Daga nan jirgin sama zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Dakar, inda na kwana zaune a kan kujera ina jiran wani jirgin. Daga Dakar zuwa Firaya, babban birninsu, bai kai sa'a biyu ba. Da muka sauka a filin jirgin da suka sa wa sunan Nelson Mandela sai na mai da agogona baya da sa'a biyu, don haka lokacinsu ya ke da namu.

A nan ne na ga amfanin shiri. A gabana cikin layi akwai wani saurayi ɗan ƙasarmu, mai fara'a, mun yi ta hira tun daga Dakar. Da aka zo kansa aka tambaye shi tikitin komowa, ba shi da shi. Aka tambaye shi inda zai sauka, ya ce wani abokinsa zai zo ya tarye shi. Aka ce ya kira abokin, ya kira har sau uku ba a ɗauka ba. Sai aka ja shi gefe, aka shiga da shi wani ɗaki, ban ƙara ganinsa ba har na bar ƙasar. Da aka zo kaina, gabana na faɗuwa, na miƙa takarduna ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin ya dudduba, ya tambaye ni kwana nawa zan yi, na ce takwas, ya ce in nuna guzurina, na nuna. Sai ya buga hatimi ya miƙo mini fasfona. Abin da ya raba ni da saurayin nan takardu uku ne kawai, ba wayo ba, ba kuwa arziki ba. Har yau in na tuna da shi sai in ji ba daɗi, don na san watakila gona aka sayar aka yi masa kuɗin jirgi.

Firaya tana kan tsibirin Santiyago, wanda ya fi sauran girma. Tsohon garin yana bisa wani tudu shimfiɗaɗɗe mai kallon teku, da gidajen bene masu fenti iri iri, da dandali inda tsofaffi ke zama da la'asar. Na tarar da tutoci ko'ina, don a watan Oktoba 'yan ƙwallonsu suka sami shiga gasar cin kofin duniya ta 2026, karo na farko a tarihinsu. A gangare akwai kasuwar Sukupira, wadda in ka shiga sai ka ce Kasuwar Barci ce aka ɗauko aka ajiye a bakin teku: gwanjo, da atamfa, da takalma, da masu kiran ciniki. Harshen hukuma na Fotugal ne, na gida kuwa Kiriyolu, Turancin Ingilishi bai cika amfani ba sai a manyan masaukai. Ran da na ɓace a kasuwar nan wani Bafillacen Gini mai sayar da agogo ne ya fid da ni, da 'yar gaisuwar Fillanci da na koya wurin masu kawo mana nono.

Abincinsu na gado sunansa kacupa, watau masara da wake a dafa su tare har su yi lugub, kamar dai dahuwar da mu ke yi a kudancin Kaduna lokacin kaka. Amma ina jan kunnen malamai: mafi yawan mutanen ƙasar Kirista ne 'yan Katolika, sau da yawa kuwa da naman alade a ke yin kacupa. Wanda ba ya ci sai ya tambaya tukuna, ko ya nemi ta kifi, kifi kuwa ga shi nan ɗanye shar, mai araha. Ruwa shi ne mai tsada, don ƙasar ba ta da manyan koguna, ruwan teku su ke tacewa su cire gishiri su sha. Ni da na tashi ina ganin Kogin Kaduna yana cika yana batsewa kowace damina, sai a can na san darajar guga ɗaya.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Sidadi Belya, watau Tsohon Gari, wajen kilomita 15 yamma da Firaya. Lokacin da Turawan Fotugal suka iso tsibiran nan ba kowa a cikinsu. Suka kafa wannan gari a 1462, shekara guda kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano bisa lissafin masu tarihi, suka mai da shi zangon bayin da a ke kwasowa daga gaɓar Afirka ta Yamma za a ƙetare da su teku. Har yanzu a tsakiyar dandali akwai wani ginshiƙin farin dutse inda a ke ɗaure bawa a hore shi a gaban jama'a. A bisa dutse kuma ga ganuwar da suka gina bayan Francis Drake, Baturen Ingila, ya washe garin a 1585. A 2009 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Na daɗe tsaye a gaban ginshiƙin nan. Na ce a raina, kakannin mutanen nan an kawo su a ɗaure, ba wanda ya tambaye su fasfo, yau ga ni na zo da ƙafata ana tambayata tikitin komowa. Duk da tsananin tambayar, na gode wa Allah da zamanin da ya sa ni ciki.

Da yamma, gari ya yi garau, na hango tsibirin Fogo can cikin teku. Ma'anar sunan wuta, don dutse ne mai aman wuta, tsawonsa mita 2,829. A watan Nuwamba na 2014 ya yi amai ya binne ƙauyuka biyu, mutanen kuwa suka koma suka sake gini a kan toka, don inabi na yin kyau a ƙasar wurin. Na so in je, guzurina ya ce a'a, na kuwa bi maganarsa.

Ga sauran 'yan shawarwari a taƙaice. Ruwan sama kaɗan su ke samu, daga Agusta zuwa Oktoba. Hazon hunturu da mu ke sha a nan yana kai musu can, wajen Disamba zuwa Fabrairu, har ya kan hana jirage tashi tsakanin tsibirai, don haka mai ƙurarren hutu kada ya tsallaka wani tsibiri ana jibi zai koma gida. A tafi da rigar sanyi, iskar teku da dare ba ta da wasa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin namu ba, a sayi mahaɗi tun a nan. A watan Janairu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa sun kau da zazzaɓin cizon sauro daga ƙasarsu, abin da ya kamata masu mulkinmu su tambayi yadda aka yi. Daga ƙarshe, kada a wuce kwanakin da aka ba mutum, kada kuma a kama aiki da sunan yawon buɗe ido, don laifin mutum ɗaya shi ke sa a tsananta wa ɗari masu zuwa bayansa.

Na komo Kakuri lafiya, aljihu ba nauyi, rufin ɗaki kuwa sai da na ci bashi aka gyara shi kafin damina. Amma gani ya kori ji, ban yi da-na-sani ba. Roƙona ga malaman makaranta su karanta wa samari wannan takarda, musamman masu ɗokin fita waje, su gane cewa yafe kuɗin biza ƙofa ce aka buɗe, amma akwai mai gadi a bakinta. Wanda kuma ya taɓa zuwa tsibirin Sal ko Fogo, don Allah ya rubuto ya ƙarasa mana labarin.

Haza wasalam. Ni ne naka,

Wani Akawu,
Kakuri, Kaduna.