Tsakanin ƙwaya biyu

Litinin, 6 ga Janairu
Asibiti tun ƙarfe bakwai, layi har azahar. Sikeli: kilo 81. Bara warhaka 69. Suga ma ya fara hawa. Likita ta ce aikin olanzapine ne, shi ke buɗe ciki haka. Za a janye shi sannu a hankali, aripiprazole ya maye gurbinsa. Rabin ƙwaya da safe, domin fluoxetine ɗin da nake sha na sa shi daɗewa a jini. Ta ja kunnena: kar in tsayar da komai da kaina.

Talata, 7
Na karanta takardar cikin kwalin. Da na sani ban buɗe ba. Rashin barci, tashin zuciya, kasa zama wuri ɗaya, motsin baki da harshe. Na daɗe gaban madubi ina kallon leɓena.

Alhamis, 9
Barci ya ƙaura. Ido biyu tun ƙarfe biyu har kiran assalatu. Shekara guda tsohon maganin ke kwantar da ni, shi ya fitar da ni daga ɗakin nan lokacin da ko wanka ya gagare ni. Tsoron rabuwa da shi nake.

Asabar, 11
Alhamdulillahi. Shara, wanki, har kitso. Malmala ɗaya ta ishe ni. Umma ta ce, "Yau kam fuskarki ta washe."

Lahadi, 12
Ƙafafu. Kamar tururuwa a cikin ƙashi. Zaman tahiya da ƙyar. Daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ɗaki. Maganin ne, ko ciwon ne ya dawo?

Talata, 14
Na kira likita. Abin yana da suna ashe, akatisiya. Ta ce sananne ne ga wannan maganin, kuma sai ya yi kusan mako biyu kafin ya daidaita a jini. In zo jibi: ko a rage, ko a haɗa min da propranolol. Jin sunan kaɗai ya ɗan sanyaya min rai.

Laraba, 15
Hazo. Barcin awa huɗu. Kuka bayan la'asar.

Alhamis, 16
Na sha rabin ƙwayar da shayi. Benci, kati a hannu, mutum tara a gabana. Ƙafar hagu na ta rawa. Na ɗora jaka a kanta.