Ranar da ɗana ya ga na jefar da sanda

Na san wasu daga cikin masu karatu za su yi dariya idan suka ji malamin makaranta yana maganar wasan golf. Ni ma a da haka na ɗauke shi, wasan Turawa da masu hannu da shuni. Har yau ba ni da jakar sanduna tawa ta kaina. Wani abokina ne, wanda muka yi koleji tare a Maraɗi, ya ja ni wata ranar Lahadi bayan an maido ni aiki Yamai, ya ara mini tsofaffin sandunansa. Filin yana bayan gari. Kada ku kawo wa ranku koriyar ciyawar nan da ake nunawa a talabijin. Namu tsakuwa ce da jar ƙasa da ƙaya. Kowa yana yawo da ɗan guntun tabarmar roba da yake ɗora ƙwallo a kai, kewayen ramin kuwa rairayi ne aka daddale.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Ramuka 18 ne, kowanne faɗin bakinsa santimita 10.8. Mutum zai bugi ƙaramar ƙwallo da sanda daga nesa har ta faɗa ramin, ana ƙirga kowane bugu. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Ƙwararru suna gama ramukan duka da bugu 72 ko ƙasa da haka. Irinmu ƴan koyo, idan muka gama da 100 sai mu yi ta murna. Ba wanda yake tare ka, ba wanda yake ƙwace maka ƙwallo, tana nan zaune tana jiranka. Wannan ne ya sa ɓacin ran golf ya fi ciwo, domin idan ka ɓata babu wanda za ka ɗora wa laifi sai kanka.

Abin da zan ba da labari ya faru cikin watan Afirilu, lokacin da rana take dukan mutum tun da hantsi. Ɗana na fari, mai shekara 13, ya roƙe ni ya bi ni ya ga wasan. Ramuka shida na farko sun tafi lafiya, har ina ɗan taƙama a gabansa. A na bakwai ƙwallo ta karkace ta faɗa wani kwazazzabo mai rairayi. Na buga, ba ta fito ba. Na sake bugawa, ta daki bangon kwazazzabon ta dawo gaban ƙafata. A karo na uku sai rairayi kawai na watsa wa kaina a fuska. Ban san lokacin da na wurga sandar ba, ta daki wata bedi ta lanƙwashe. Sanda ce ta aro. Sannan na juya kan saurayin da yake ɗaukar mini jaka, na ce shi ya miƙo mini sandar da ba ta dace ba, alhali tun farko ya ba ni shawarar in ɗauki wata, na ƙi.

Saurayin nan sa'ar ɗalibaina ne. Bai ce uffan ba. Ya je ya ɗauko sandar, ya goge ta, ya sa a jaka, sannan ya ce mini a hankali: "Mushe, saura rami 11." Ban saurare shi ba. Na ƙarasa wasan ina huci, na tashi da bugu 118. Da na zauna daga baya na yi lissafi, wanda shi ne sana'ata, sai na ga faɗawa kwazazzabon bugu biyu ko uku kawai ya ci mini. Sauran 15 ɗin fushi ne ya ci su, rami bayan rami. A cikin mota muna komawa gida ɗana bai yi magana ba, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Bayan mako biyu na dawo daga makaranta, mahaifiyarsa ta tare ni da labari. An ba shi takardar lissafi, ya samu 6 bisa 20. Ya yaga takardar, ya jefi ƙanwarsa da alƙalami don ta leƙa, ya ce malaminsu ne ya tsane shi. Na kira shi na fara faɗa, ina kawo masa maganar haƙuri da ladabi. Ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce: "Baba, ai kai ma ka jefar da sanda." Shekara sama da 20 ina koyarwa, ban taɓa rasa amsar da zan ba yaro ba sai ranar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya yi abin da na yi ne daidai, har da neman wanda za a ɗora wa laifi.

Tun daga ranar na fara kallon abokan wasana da wani ido, ina lura da yadda kowa yake yi idan wasa ya juya masa baya. Akwai mai jifa irina. Akwai mai zargi, wanda kullum iska ce, ko rana, ko wani ya yi tari lokacin da yake bugu. Akwai mai kumbure-kumbure, wanda zai yi shiru awa biyu ya ɓata wa kowa rana. Akwai wanda zai ɗan shuri ƙwallo da ƙafa daga bayan dutse idan ya ga ba a kallonsa, ko ya manta da bugu ɗaya wajen rubutawa. Akwai kuma wanda zai ce ya tuna da wani uzuri a gida, ya tafi daga rami na tara. Malamai, ku faɗa mini gaskiya, wanne ne babu a ajinku ranar da aka raba takardu?

Dalilin da ya sa fushi yake ɓata wasan ba boyayye ba ne. Idan rai ya ɓaci, hannu yana damƙe sanda da ƙarfi, damtse ya sandare, mutum ya yi sauri. Bugun golf kuwa yana son sakin jiki. Idan fuskar sanda ta ɗan karkace kaɗan lokacin da ta haɗu da ƙwallo, kafin ƙwallon ta yi tafiyar mita 150 ta riga ta bar hanya da nisa. Ga kuma wani abu. Wasan yana ɗaukar kimanin awa huɗu, amma idan ka tara lokacin bugun kansa bai wuce ƴan mintoci ba. Sauran lokacin duk tafiya ce, kai da zuciyarka. Mai fushi yana cika wannan tafiyar da maimaita kuskuren baya, ya iso gaban ƙwallo da niyyar rama asarar da bugu guda, ya zaɓi hanya mai haɗari, ya sake faɗawa rami. Haka ɗalibi yake yi a ɗakin jarrabawa idan tambaya ta farko ta gagare shi, sai ya ƙone rabin lokacinsa a kanta, ya zo sauran tambayoyin da ya iya hannunsa yana rawa.

Abokina da ya ara mini sanduna ne ya ba ni labarin Bobby Jones, wani Ba'amurke da aka haifa a 1902. Lauya ne, a shekarun da yake cin kofuna bai mayar da golf sana'ar neman kuɗi ba, amma ana lissafa shi cikin manyan gwanayen wasan. Yana saurayi an san shi da zafin rai da jifa da sanda. A 1921, yana ɗan shekara 19, ya je babbar gasar Birtaniya a filin St Andrews na ƙasar Sikotlan. A zagaye na uku wasa ya lalace masa, ya faɗa ramin rairayi a rami na 11, ya yi ta fama, daga ƙarshe ya ɗauke ƙwallonsa, abin da ya fitar da shi daga gasar. Ya rayu yana jin kunyar wannan ranar. Amma ya yi aiki a kan halinsa. Daga 1923 zuwa 1930 ya ci manyan gasa 13. A 1927 ya koma St Andrews ɗin da ya guda ya ci kofin, a 1930 kuma ya haɗa manyan gasa huɗu na zamaninsa cikin shekara guda. A gasar Amurka ta 1925 ƙwallonsa ta ɗan motsa yana shirin bugu, shi da kansa ya nace a ƙara masa bugun tara, daga ƙarshe kofin ya kuɓuce masa. Abin da ya kama ni a labarin shi ne, gwanintar yana da ita tun 1921. Abin da ya rage masa shi ne mallakar zuciyarsa, kuma koyonta ya yi kamar yadda ake koyon komai.

Su kansu masu tsara wasan sun san halin ɗan Adam. Wani likita mai suna Frank Stableford ya lura cewa ƴan wasa da yawa suna karaya idan rami ɗaya ko biyu na farko suka lalace. Sai ya fito da wata hanyar ƙirga, wadda aka fara gasa da ita a 1932 a Wallasey ta Ingila. Kowane rami makinsa daban. Idan ka gama shi da adadin bugun da aka ƙayyade maka, maki 2. Ka ƙara bugu ɗaya, maki 1. Ka wuce haka, sifiri, sai ka ɗauki ƙwallonka ka wuce gaba. Rami mafi muni ba zai ci maka fiye da makinsa ba. Haka kuma tsarin auna matsayin ɗan wasa da aka fara aiki da shi a duniya a 2020 yana duba wasanni 20 na ƙarshe ne, ya ɗauki 8 mafi kyau. Wato ana auna mutum da abin da yake iyawa, ana yafe masa munanan ranaku. Da na ji wannan na tuna sau nawa na yanke wa yaro hukunci a raina saboda takarda guda.

Waɗanda na ga suna riƙe kansu a filin ba waliyyai ba ne, ransu yana ɓaci kamar na kowa. Dabaru ne da su. Wani dattijo yana ba kansa taku goma bayan mummunan bugu, ya yi tsaki, ya yi gunaguni, idan ya cika taku goma magana ta ƙare. Wani yana tsayawa ya sha ruwa ya ja dogon numfashi kafin ya taɓa sanda, musamman da zafi, domin ƙishirwa da yunwa suna rage haƙuri. Wani ba ya haɗa jimillar bugunsa sai an gama. Dukansu kuma sun yarda da abu guda: idan ka faɗa wuri mara kyau, fitar da ƙwallo gefe zuwa fili, ka karɓi asarar bugu ɗaya, kada ka nemi abin al'ajabi. Kuma sun san matsayinsu. Mutumin da yake wasa sau biyu a wata, ba ya atisaye, ya zo yana fushi don bai buga kamar na talabijin ba, girman kai ne yake damunsa. Nawa fushin ma daga nan ya fito. Ina so ɗana ya ga ubansa gwani ne.

Lahadin da ta biyo na koma filin tare da shi. Na nemi saurayin nan, na ba shi haƙuri a gaban ɗana, na ce shawararsa ce daidai, ni na yi kuskure. Ya ji nauyi, yana ta cewa ba komai Mushe. Na biya abokina kuɗin gyaran sandarsa. A hanyar dawowa na ce wa ɗana ya nemo guntayen takardar nan. Muka manna su, muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ashe kuskure guda ne yake maimaitawa wajen alamar ragi, shi ya cinye masa fiye da rabin makin. Washegari ya ba ƙanwarsa haƙuri ba tare da na sa shi ba.

A aji ma na sauya wasu abubuwa. Na daina kiran maki da babbar murya daga na ƙasa zuwa na sama, al'adar da na gada daga malamaina ban taɓa tambayar amfaninta ba. Idan na raba takardu ina ba su minti biyar su kalla, su ji abin da za su ji, sannan mu shiga gyara. Masu shirin BEPC kuwa ina nanata musu cewa tambayar da ta gagara a bar mata wuri a wuce, a dawo mata daga baya. Wanda ya faɗi sau ɗaya ina buɗe masa rajista in nuna masa sauran makinsa, ya ga wannan rami ɗaya ne cikin 18.

Ba zan ce na warke ba. Makon jiya ma ƙwallo ta shige cikin ƙaya, na ji wuyana ya ɗauki zafi, hannuna ya damƙe sanda. Na ƙirga takuna goma, na sha ruwa, na fitar da ita gefe. Iyaye da malamai, laifi tudu ne, muna taka namu mu hango na yara. Muna yi musu wa'azin haƙuri da baki, su kuwa suna kallon abin da muke yi idan mota ta ƙi tashi, idan albashi ya yi jinkiri, idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. A nan suke ɗaukar darasin. Idan kuma mun riga mun jefar da sanda a gabansu, to su ga mun je mun ɗauko ta, mun ba da haƙuri, mun ƙarasa wasan. Allah ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, ya shirya mana zuri'a.